Cokulan da Dillali Ya Ce a Ba Shi Gyara: Nazarin Wani Rabon Gado a Garwa

Ranar sadakar arba'in ta kakana, mahaifin mahaifiyata, da la'asar aka fito da adakarsa tsakar gida a unguwar Hausawa ta Garwa, aka miƙa mini biro da takarda. An zaɓe ni ne don ba ni da ko allura a gadon: mahaifiyata ta riga shi komawa ga Allah, ga kuma kawunnaina a raye. Ƙari a kan haka ina koyar da kimiyya a lise, wato makarantar sakandare, ana ganin ba zan ɓata lissafi ba. Magada shida ne: matarsa Hajja, 'ya'ya maza biyu, mata uku. A takarda rabon ba wuya. Kashi takwas za a yi, Hajja ta ɗauki tumuninta, maza bibbiyu, mata ɗai-ɗai. Gida da gona ba su ja magana ba, masu sanin kuɗinsu suna nan ko'ina. Kayan cikin adaka su suka riƙe mu mako uku.

Tsohon ya yi aikin kuku a gidan wani Bafaranshe, wakilin wani kamfanin ciniki a bakin tashar jirgin ruwa, zamanin da jirage ke hawowa Binuwai da damina su sauke gishiri da yadi, su ɗauki auduga da gyaɗa. Da Kamaru ta sami 'yanci a 1960 Baturen ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar wa kukunsa kayan tebur. Haka muka taso muna ji.

Ga abin da na rubuta a ranar. Babban tire mai hannu biyu, nauyinsa kilo 2 da giram 400. Butar shayi ɗaya. Manyan cokula 12 da masu yatsu 12, duk suna sheƙi, don da su ake fita kunyar baƙi kowace Sallah. A can ƙasa, cikin tsohuwar atamfa, wani ƙunshi da aka ɗaure tamau da robar tiyub ɗin keke: manyan cokula 10, ludayi 1, ƙananan cokulan shayi 6, dukansu baƙi ƙirin kamar an ciro su daga murhu. Sai wata jakar fata mai liyari 7, wato tsoffin kuɗin azurfa, da mundaye biyu.

Abin da ya faru kafin a fara bincike

Babban kawuna ya kira wani dillali mai yawon sayen kayan da. Mutumin ya ɗaga tiren, ya ƙwanƙwasa, ya yi ta sa wa Turawan da albarka. Ya taya tire da buta da cokula masu sheƙi sefa 150,000. Sannan ya nuna baƙin ƙunshin da ƙafa, ya ce, "Waɗancan tarkacen kuma a ba ni gyara." Kawu har ya fara kallon ƙannensa. Hajja ce ta ce daga bakin ƙofa a dakata, ba a sayar da kayan mamaci ranar da aka buɗe su.

Da dare ta kira ni. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka. Ta ce, "Maigidana, kai da ka yi boko, ina ka taɓa jin an nemi gyara kafin a sallama? Na ga ya ɗauki baƙin cokali ɗaya ya leƙa cikinsa, ya fi daɗewa a kansa fiye da tiren, sai ya ajiye da sauri kamar ya taɓa wuta." Ruwa ba ya tsami banza. Daga maganar nan binciken ya tashi.

Sai dai kafin in sa hannu an riga an yi ɓarna uku, kuma ina kawo su ne don kusan kowane gida su yake fara yi. Babban kawu ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kama, ya yanke hukunci cewa duka azurfa ne. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, gaskiya ne, amma ba ya kama tagulla ma, haka jan ƙarfe da gaurayen da Faransawa ke ƙera cokula da shi. Iyakar abin da gwajin ya nuna, babu baƙin ƙarfe a ciki. Wata innata kuma, don ƙimar tire ta ƙaru, ta kai shi bakin rijiya ta dirje shi da toka da soson ƙarfe, sai ga rawaya-rawaya ta ɓullo a gefuna da wajen hannuwa. Ƙaramin kawu shi ya fi ba ni takaici. Ya zare baƙin cokali ɗaya ya kai kasuwa, aka sa masa magagari aka yi tsaga a mariƙi, aka ɗiga asid. An gaya masa azurfa ce, amsar daidai take, amma an bar tabon da ba ya gogewa a kan abin da hatiminsa ke ɗauke da amsar tun fiye da shekara hamsin.

Karanta hatimi

Na ɗauko gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, da sabulu, da tsohon buroshin haƙori, da garin alli a tsumma mai laushi. Ban wanke cokulan duka ba, wajen hatimin kawai na share.

A cikin bakin kowane babban baƙin cokali, kusa da inda mariƙi ya haɗu, akwai hatimi biyu, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba. Na farko kan wata mace ce sanye da hular yaƙi, tana duban dama, cikin gida mai kusurwa takwas, da lamba 1 a gaban goshinta. Ita ce Minerba, hatimin da hukumar Faransa ke buga wa azurfa tun 1838. Lamba 1 a wannan wuri tana nufin kashi 950 cikin 1,000 azurfa ce zalla, sauran jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Da lamba 2 ce a ƙarƙashin haɓa, da 800 ke nan. A 1973 Faransa ta rage daraja ta ɗaya zuwa 925, aka ɗauke lambar daga gaban goshi, aka ƙara harafi. Namu ba harafi, lambar tana goshi, saboda haka tsakanin 1838 da 1973 aka yi su, labarin Baturen kuma ya ja iyakar baya zuwa 1960.

Hatimi na biyu na maƙeri ne, haruffa biyu da 'yar alama a tsakiya. A nan siffar gidan ta fi abin da ke ciki muhimmanci. Dokar Faransa ta 1797 ta sa mai ƙera zinariya da azurfa ya buga sunansa cikin gida mai kusurwa huɗu a karkace, irin daimon ɗin jikin karta. Mai yi wa ƙarfe ruwan azurfa kuwa ba a yarda masa da wannan siffa ba. Na juya cokalin na duba bayan inda Minerba take, na ga wasu 'yan zane-zane kamar ƙafafun ƙwari. Wannan ma shaida ce: uwar maƙerar da ake ɗora kaya a kai a ofishin hatimi an zana mata ƙwari, in aka buga ta sama sai zanen ya fito ta ƙasa. Mai jabu yakan kwaikwayi kan matar, da wuya ya damu da ƙwarin. Ludayin ma haka yake, Minerba da lamba 1. A bayan mariƙin kowanne an zana haruffan wani gida cikin lanƙwasa. A baya suke don Faransawa kife cokali suke yi in sun shirya tebur.

Sai na koma kan masu sheƙi. Ba Minerba. Hatimin maƙeri cikin murabba'i yake, kusa da shi an buga 84. Ƙaramin kawu ya ce to ai kashi 84 cikin 100 ke nan. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba haka ba ne." Lambar tana nufin giram 84 na azurfa aka shafa wa cokula 12 da masu yatsu 12 gaba ɗaya. In ka raba, kowanne ya sami giram 3 da rabi ranar da ya fito daga masana'anta, kafin Sallah sittin da wani abu su cinye rabonsu. Jikin cokalin gaurayen jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, fari ne a ido, ba ɗigon azurfa a cikinsa. Dabarar shafa azurfa da lantarki a Ingila aka yi mata rajista a 1840, a hannun gidan Elkington na Barmingham, Charles Christofle kuma ya sayi izininta ya kafa ta a Faransa a 1842. Tun daga nan gidan ma'aikaci da otal da jirgin ruwa suka cika da kayan da ke kama da na sarakuna. In kaya daga Najeriya suka shigo, haruffan EPNS ke nuna irin wannan, azurfar Ingila ta gaske kuwa zaki mai tafiya ake buga mata.

Tire da buta murabba'i ne hatiminsu. Ko ba hatimin ma, soson innata ya riga ya tona asiri, rawayar nan tagulla ce. Kilo 2 da giram 400 da kowa ya ɗora ransa a kai sun koma kuɗin tire mai kyau wanda aka kankare.

Kuskuren da ya kusa cin gidan shi ne ɗaukar sheƙi a matsayin shaida. Ana cewa ido ba mudu ba ya san ƙima, amma a kan azurfa ido fatar waje kaɗai yake gani, fatar kuwa a duka biyun azurfa ce. Mai ruwan azurfa ma yana baƙi in an bar shi. Tire yana sheƙi don ana goge shi duk shekara. Ƙunshin ya yi baƙi don azurfa ba ta shiri da farar wuta, robar taya kuwa da farar wuta ake dafa ta. Shekara da shekaru cikin zafin Garwa, robar da aka ɗaure su da ita ce ta rine su. Abin da ke sa cokalin azurfa ya dushe in an ci ƙwai da shi ke nan. Baƙin a sama yake tsayawa, bai ci komai daga nauyi ba.

Jinjirin wata da shekarar 1780

Ƙananan cokula shida sun zo da nasu rikicin. A bayan mariƙi akwai jinjirin wata, da kambi, da 800. Innata ta ce daga Makka suke, ga wata nan. Babban kawu ya ce a'a, ya ji tsohon yana cewa na Jamusawa ne, wataƙila ma na kwamandansu da ya kafe a dutsen Mora lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Kawu ya fi kusa da gaskiya. Wata da kambi hatimin azurfar Jamus ne, ya fara aiki a 1888, 800 kuma darajarta ce. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1915, Mora ta miƙa wuya a watan Fabrairun 1916. Zamanin ya yi daidai, cokulan za su iya zama ragowar wancan lokaci. Amma Jamus ta ci gaba da buga wannan hatimi shekaru masu yawa bayan haka, kuma ba suna ko alamar soja a jikinsu. A takarda na rubuta "azurfar Jamus, 800, bayan 1888". Maganar kwamanda na bar ta a bakin kawu, ban sa mata kuɗi ba.

Liyari kuwa wani ɗan kawuna ne ya tayar da ƙura. Ya ga 1780 a jikinsu, ya shiga intanet, ya dawo yana cewa mun yi arziki. Na tausaya masa. Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya a 1780 ta rasu, kuma duk liyarin da aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar aka ci gaba da sa masa, don fatake daga Bahar Maliya har Barno da Wadai ba sa karɓar wanda ya sauya kama. An buga shi a Biyana, an buga a Roma, Landan, Faris da Bombai, har yau ma ana buga shi. Abin dubawa nauyi ne: giram 28 da ɗan ɗoriya, daraja 833. Shida sun zo daidai ko sun gaza da ɗan abin da hannu ya cinye. Na bakwai giram 22 ya yi, rubutun gefensa a cushe, da aka sake shi a siminti ya yi "ɗaf" maimakon ya yi ƙara. Zubi ne, muka ware shi.

Awo cikin ruwa

Ana iya ƙirƙirar hatimi, don haka ban tsaya a kansa ba. Kowane ƙarfe da nauyin da yake yi gwargwadon girmansa. In ka raba nauyin abu da nauyin ruwan da ya ture, azurfa zalla tana ba da 10.5, mai daraja 950 wajen 10.4, mai 800 wajen 10.1, gaurayen cokulan nan na nikel kuwa 8.7, tagulla ƙasa da haka kaɗan. Tazarar tana da faɗi, ba ta buƙatar ɗakin gwaji.

Muka tafi wurin wani dattijo maƙerin farfaru a babbar kasuwa. Sikelinsa na zinariya ya kasa ɗaukar gorar ruwa, sai da muka aro wani mai kai kilo 2 wanda ke nuna kashi ɗaya cikin goma na giram. Aka yanke kan gorar roba aka cika da ruwa, aka ɗora, aka mayar da sikeli sifiri. Na ɗaure cokali da zaren ɗinki na zura shi har ya nutse, bai taɓa ƙasa ko gefe ba. Baƙin cokali a waje giram 79, a ruwa sikeli ya nuna 7.6. Rabawa ta ba da 10.4. Mai yatsu mai sheƙi giram 70, a ruwa 8.0, wato 8.75. Kawunnaina biyu suna tsaye, kuma gani ya kori ji. Wannan awo ba ya yi wa abu mai rami a ciki, kamar mariƙin buta ko ƙotar wuƙa da aka cika da ƙaro, don iskar ciki tana ɓata lissafi.

Mundayen ne suka nuna mini iyakar boko. Ba hatimi ko ɗaya, aikin gida ne, irin wanda maƙeranmu ke narka liyari ko tsoffin dalolin Faransa su zuba. Ruwa ya ba ni 9.8. In jan ƙarfe kaɗai aka gauraya, wajen kashi 60 cikin 100 ke nan, amma in da dalma a ciki lissafina ya tashi a banza, don dalma ta fi azurfa nauyi. Dattijon ya karɓa ya goga cikin munduwar a wani baƙin dutse mai santsi. Ya buɗe wani gwangwani ya ciro guntayen azurfa da ya san darajarsu, ya ja layinsu kusa da na munduwar, ya ɗiga asid a kan dutsen, ba a kan kayan ba. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, an sa mata jan ƙarfe da yawa. Ta wuce rabi, ba ta kai liyari ba." Muka tsaya a 600.

Lissafin ƙarshe: cokula 10 da ludayi giram 1,020, zallarsu 969. Na Jamus giram 126, zalla 101. Liyari shida giram 168, zalla 140. Mundaye giram 310, zalla 186. Jimla giram 1,396, kowane kashi 174 da rabi. A farashin da maƙerin ya faɗa a ranar, tayin dillali bai kai rabin kuɗin abin da ya nema gyara ba.

Abin da malam ya ce

Na zaci an gama. Da muka kai takardar wurin limamin da ke raba mana gadon, ya karanta, ya ce, "To, yanzu kun san azurfa ce. Wa zai ci abinci da ita?" Aka yi shiru. Ya kawo hadisin da ya hana ci da sha a mazubin zinariya da azurfa, ya ce a Muhtasar na Shehu Halil har ajiye irin wannan mazubi an hana, ko da ga mace ne. Wanda aka yi wa ruwan azurfa kuwa malamai magana biyu suka yi a kansa. Sayarwa ta halatta, amma hannu da hannu, ba bashi. Mace tana iya ba maƙeri azurfarta ya ƙera mata abin ado ta biya ladan aiki, amma kada ta musanya da ƙerarre ta cika kuɗi a kai. Batun zakka ya ce nisabi dirhami 200 ne, wajen giram 595, ba wanda rabonsa ya kai sai in yana da wata dukiyar da zai haɗa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, in aka kai su Faransa fa, wurin masu tara kayan da?" Ya ce wannan shawarar magada ce. Na bincika, kuma ra'ayina bai goyi bayan tafiyar ba. Cokula irin waɗannan an ƙera su da yawan gaske. Namu goma ne ba dozin ba, ba masu yatsu abokan tafiyarsu, da sunan wani gida a jiki, ɗaya kuma da tsagar magagari. Irinsu ko a can kuɗinsu bai cika nisa da na nauyinsu ba, kuɗin aikawa da la'ada za su lashe bambancin. Da hatimin zakara na gani, wanda aka yi amfani da shi daga 1798 zuwa 1819, ko kan tsoho na 1819 zuwa 1838, da na roƙi a dakata.

A wurin ne Hajja ta faɗi abin da ya sa na sake duba takardata. Ta ce tun da ta shigo gidan tsohon bai taɓa yarda a kwance ƙunshin nan ba, ko ranar suna da cokula suka kasa. Masu sheƙi kuwa da kansa yake miƙawa. Na bi jerin daga sama har ƙasa. Duk kayan teburin da suka tabbata azurfa cikin robar suke, duk masu ruwan azurfa a waje, ko ɗaya bai sauya wuri ba. Mutumin da ya shekara goma sha yana goge su a kicin ɗin Bature ba ya buƙatar gorar ruwa. Bai dai gaya wa kowa ba.

Maza suka sayar wa maƙerin rabonsu, ya ƙirga musu kuɗi a take. Mata uku suka ce a narka nasu a yi musu awarwaro. Hajja ta ɗauki mundayen a rabonta ta cika ɗan bambancin da kuɗi, aka yi wa tire da buta ƙimar tagulla mai ado, ta saye su ma, ta ce ta saba da su. Liyarin jabu ɗan kawuna ya roƙa aka bar masa.

Ranar narkawa na je da waya na ɗauki hoton hatimin kowane cokali, gaba da baya. Dattijon ya sa almakashi yana yanka su gunduwa-gunduwa cikin tukunyar narki. Da ya zo kan mai tsagar nan sai ya tsaya, ya yanko daidai inda kan Minerba yake, guntu kamar farce. Ya ɗora a ƙaramin sikelinsa, giram 2, ya ce in rubuta a cire daga ladan aikinsa. Ya ce rabonsa da samun 950 mai shaida tun yana yaron maƙera. Ya jefa guntun cikin gwangwanin nan, ya ce wa yaronsa ya ja zugazugi.